Inuwar Gada A Kwana Ta Tara

"Ko shi kaɗai ya rage namiji a duniya, Auta, ba zai sa ƙafarsa a gidan nan ba!"

Yaya ne ke wannan rantsuwa, yana tsaye a tsakiyar falo, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Safiyar Asabar ce, ko shayin da Mama ta ajiye masa bai kurɓa ba.

Auta na zaune kusa da keken ɗinkin Mama tana feƙe fensir. Ba ta ɗago kai ba. Wanda ya san ta ya san idan ta yi irin wannan shiru, to ta riga ta gama yanke shawara, sauran maganar duk ɓata bakin mai yi ne.

Mutumin da ake wa rantsuwar, Kunkuru ake ce masa. 'Yan tseren mota na kwamfuta ne suka laƙaba masa sunan, saboda duk ranar da aka fito da sabon titi, kowa zai taka totur kamar an biyo shi, shi kuwa sai ya riƙa rarrafe a gefe yana kalle-kalle. Dariya ake yi masa da safe, da yamma kuma a nemi bayansa a rasa.

Tseren nan ba a kan kwalta ake yin sa ba. Mutum zai zauna a kujera, sitiyari a hannu, birki da totur a ƙarƙashin ƙafa, titin kuma yana cikin sikirin. Amma duk mai cewa wasan yara ne bai ga fuskar Yaya a bara ba.

A gasar bara, wanda ya zo na ɗaya za a kai shi ya gwada motar tsere ta gaske. Yaya ne a gaba, saura zagaye biyu. Kunkuru, amininsa tun suna makaranta, yana biye da shi. A kwana ta bakwai ta titin, motar Kunkuru ta daki bayan ta Yaya, duka biyun suka bar titi. Alƙalan gasa suka ɗora laifin a kan wanda ya yi dukan. Kwana goma bayan nan Baba ya rasu a gadon asibiti, inda ya kwanta yana jiran a kawo masa albishir. Yaya ya haɗa baƙin ciki biyun ya ƙulle wuri ɗaya, ya rubuta sunan Kunkuru a kai.

Shi kuwa Kunkuru, tun daga ranar har yau, abu ɗaya ya ce: "Ka yi haƙuri."

"Auta," in ji Mama, "ki ji tsoron Allah ki raba ni da wannan tashin hankali. Ku biyu kaɗai gare ni. Ga Manaja nan, mutum mai mutunci, sau uku yana zuwa da maganarki. Me ya rasa?"

Manaja shi ne mai zauren da ake tseren a ciki, kuma shi ne mai ƙungiyar da Yaya ke tuƙa wa. Mutum ne mai ƙamshi, mai juya makullin mota a yatsa. Turarensa kan riga shi shiga ɗaki, ya kuma daɗe bai bi shi fita ba.

"Bai rasa komai ba, Mama. Ni ce dai ba na son sa."

"So! So!" Yaya ya wurgar da takalmin. "Wanda ya ruguza min buri kike so? Wanda ya sa Baba ya tafi bai ji abin da yake jira ba?"

"Baba ajalinsa ne ya zo, Yaya. Kar ka ɗora wa bawan Allah abin da ba shi da iko a kai."

"Kin ji ta ko, Mama? Kin ji bakinta?"

Mama ta sa gefen mayafi tana share ido. Auta ta ji kukan har cikin ƙirjinta, amma ba ta motsa ba. Shekararta ashirin da shida, tana zanen taswira a ofishin masu awon filaye, babu wanda zai ɗaura mata abin da ba ta so. Abu ɗaya ne ya ɗaure ta. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta bar gidan nan da fushin ɗan'uwanta a bayanta ba. Shekara guda ke nan tana tsaye tsakanin maza biyu, kuma ta gaji.

Yaya ya duba agogo. Yau gasar ta sake zagayowa, kyautar ma irin ta bara ce. Ƙarfe tara za a buɗe sabon titi wanda ba wanda ya taɓa gani, ƙarfe uku na rana a fara tsere a zauren Manaja.

"Ɗauko littafin mu tafi," ya ce, kamar ba shi ne ya gama faɗa ba.

Littafin na Baba ne. Baba direban babbar mota ne, kuma duk hanyar da ya bi sai ya rubuta kwanoninta da ramukanta. Da ya ajiye tuƙi ya ba Auta sauran shafukan, ita kuma ta mayar da su wajen zana wa Yaya titunan tsere, tana sa masa alamar inda zai taka birki. Bai taɓa shiga gasa ba tare da rubutunta ba.

Ta miƙe, ta sa littafin a jaka, ta rataya.

"Yau ba kai zan rubuta wa ba, Yaya."

Yaya ya juyo.

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai."

* * *

Shagon Kunkuru na gyaran kwamfuta ne, ɗan tsukuku a bayan wani kantin taya. A ƙuryarsa ya haɗa wa kansa wurin tsere: kujerar tsohuwar mota ya ɗaure a kan bututun ƙarfe, ya kafa sitiyari a jikin tebur. Ƙofar a buɗe take, mai kantin taya na zaune a bakinta yana jin rediyo.

Da ya ga Auta da jaka, sai da abin kwance ƙusa ya faɗi daga hannunsa.

"Mai Taswira, Yaya ya san kin zo?"

"Har da Mama."

"Inna lillahi. Kin ƙara min wani laifin ke nan."

"Laifinka ya riga ya cika buhu, wannan ba zai ƙara masa nauyi ba. Kunna mu gani, tara ta yi."

Ya yi murmushi duk da haka, irin murmushin da ya jefa ta cikin wannan rigima tun farko. Ya zauna, ya buɗe titin. Kwanoni goma sha huɗu gare shi, ga hawa ga gangara, da gada a kusa da ƙarshe.

Abu na farko da ya yi, ya kashe koren layin nan da kwamfuta ke shimfiɗa wa direba a kan titi.

"Wanda ya bi layin nan, layin yake koya," ya ce. "Ranar gasa a ɗauke shi, ka ga mutum yana lalube."

Ya fara tafiya kamar mai rakiyar tsohuwa zuwa asibiti. Auta ta ja kujera nesa kaɗan, ta buɗe sabon shafi, hannunta na bin titin da fensir. Zagaye uku ya yi bai ko kalli agogon tseren ba. Yana tafe yana magana, ita tana rubutawa.

"Ta ɗaya dama ce, a buɗe take. Ta biyu da ta uku 'yan biyu ne, idan ka ɓata wa ta farko rai, ta biyun ce za ta rama. Ta huɗu kuwa... kai! Dubi yadda ta yi fuska kamar mai sauƙi, sai ka shiga ta matse ka. Rubuta mata Surukuwa."

Auta ta tuntsire da dariya. "Zan gaya wa Mama."

"Rufa min asiri. Ban ma samu shiga ba tukuna."

Haka yake yi. Kowace kwana sai ya raɗa mata suna, don a cewarsa lamba takan gudu daga kai idan gumi ya fara zuba, amma suna ba ya gudu. Daga nan suka raba titin gida uku, suka ɗauki kashin farko. Zai taka birki da wuri ƙwarai, ya shiga lafiya. A zagaye na gaba ya matsa gaba kaɗan, sannan ya ƙara, har sai motar ta zame. Nan sai ya ce, "To, nan ne iyakarta, koma baya taki ɗaya." Auta ta nemi abin da ke gefen titi daidai wurin, allon talla ko turken fitila ko inda fentin gefe ya canja, ta rubuta.

Kafin sha biyu sun gama kashi biyu. Agogon tseren ya fara sauka, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Auta ta manta da fushin gida. Wannan aikin ta iya shi, kuma a nan kaɗai ake tambayar ta, "Me kika gani?" a kuma tsaya a ji amsa.

Suka iso kwana ta tara, wadda ke bayan gada. Doguwar miƙaƙƙiyar hanya ce, mota na kan iyakar gudunta, sai ga kwana mai kaifi zuwa hagu. Sau biyar yana gwadawa kafin ya samu wurin.

"Na gani," in ji Auta. "Ga inuwar gada nan ta yanke titin kamar an ja layi. Daidai bakinta za ka taka."

"A'a!"

Yadda ya faɗe ta ya sa har mai kantin taya ya leƙo. Kunkuru ya sassauta murya.

"Ban da inuwa. Nemo wani abin. Ga jan turke can a hannun dama."

"Me inuwar ta yi? Ta fi turken fitowa fili."

"Ke dai rubuta turken."

"Ba na rubuta abin da ban gane ba. Ka san ni."

Ya san ta kuwa. Ya yi ajiyar zuciya, ya tsayar da motar a gaban gadar, ya shiga wajen saita lokaci.

"A gwaji, kullum rana tana tsaka, ba ta motsi. A gasa kuwa tafiya take yi, a cikin awa ɗaya ta kai faɗuwa. Duba."

Ya tura lokacin gaba. Hasken sikirin ya koma ja-ja. Inuwar gadar ta fara miƙewa, tana rarrafowa wajen motar, ta bar jan turken can baya.

"Tsawon mota biyar ko shida ke nan," ya ce a hankali. "Wanda ya dogara da ita zai taka birki a inda babu wanda ke zato. Na bayansa kuwa..."



Auta ta dubi abin da ke hannunta. Yatsunta suka fara juya shafukan littafin baya, ba tare da ta umarce su ba. Ta wuce titunan bana, ta kai na bara. Ga zanen nan, ga kwana ta bakwai, ga rubutunta mai kyau wanda malamai suka sha yabo:

*Birki daidai bakin inuwar hasumiya.*

* * *

"Tun yaushe ka sani?"

"Auta..."

"Tun yaushe, na ce!"

Ya cire hannu daga sitiyari. "Washegari. Na kalli bidiyon tseren sau ashirin. Na ga Yaya ya taka da wuri, na rasa dalili. Sai na tuna shafin nan, don ya nuna min shi kafin mu fara."

Hawaye suka ɓalle mata. A ranar tseren bara tana gefen gadon Baba, ba ta ga komai ba. Yaya kuma ya rantse ba zai taɓa kallon bidiyon ba. Shekara guda tana kare Kunkuru a gida, tana cewa kuskure ne, kowa na iya yi. Ashe kuskuren a jakarta yake kwana.

"Ka bari ana zagin ka. Ka bari aka kore ka daga ƙungiya. Ka bari Yaya yana tofar da yawu idan an ambaci sunanka, ni kuma ina zaune ina ganin kaina mai adalci!"

"Me kike so in yi? Baba yana kwance. Bayan kwana goma ya tafi. In je in ce wa Yaya ƙanwarka ce? Ni idan ya tsane ni, aboki ya rasa. Ke idan ya tsane ki, gidan ne ya rushe."

"Wa ya ba ka izinin yanke min hukunci?"

"Sonki ne ya ba ni."

"To ba na son irin wannan son!" Ta buga littafin a cinya. "Ka mayar da ni yarinyar da ake ɓoye wa wuƙa. Ni na rubuta, ni zan ɗauka."

"Don Allah ki bari. Zai huce da ni wata rana. Ko shekara nawa ne zan jira."

"Kai Kunkuru ne, jira ba ya damun ka. Ni na gaji."

Ta share fuska da bayan hannu. Sai wani tunani ya zo mata. Yaya ba shi da mai rubuta masa yau. Da kansa zai nemi alamomi, kuma a wajenta ya koyi nema. Idonsa zai tafi inda nata ya tafi.

Ta zauna, ta ɗauki fensir, ta rubuta *jan turke* a kwana ta tara.

"Ƙarasa sauran biyar ɗin," ta ce. "Kuma ka ji da kyau. Idan ka ga hanya a tseren nan ka ɗaga masa ƙafa don tausayi, wallahi ko ya yarda ni na fasa."

* * *

Zauren Manaja ya cika. Kujerun tsere goma sha biyu a jere, babban sikirin a bango, sanyin na'ura na busawa. Saura minti goma a fara.

Yaya na kujera ta uku. Kusa da shi Dogo ne, abokin tuƙinsa a ƙungiyar Manaja, yana kwafar wata takarda da Yaya ya manna a gefen sikirinsa. Auta ta matso ta karanta. Layi na tara: *inuwar gada.*

"Ranki ya daɗe!" Ƙamshin Manaja ya iso, shi ma ya biyo baya. "Na san ba za ki bar mu mu kaɗai ba. A kawo mata kujera a gaba."

Ko kallo bai ishe ta ba.

"Yaya, goge na tara. Inuwar za ta matsa idan rana ta yi ƙasa. Ka taka a jan turke."

Bai juyo ba. "Shi ya aiko ki ki rikita ni?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To koma inda kika fito."

Nan Auta ta ciro littafin Baba, ta buɗe, ta ɗora a kan sitiyarinsa. Ta ɗaga murya yadda na kujerar ƙarshe ma zai ji.

"Karanta. Rubutun wa ne wannan? Bara a kwana ta bakwai, ba Kunkuru ne ya dake ka ba, kai ne ka tsaya masa a gaba. Inuwar hasumiya ta matsa, ka bi ta, don ni na ce ka bi ta. Ni na kashe maka tseren, Yaya. Ni ce."

Kowa ya juyo. Kunkuru, can a kujera ta goma, ya sunkuyar da kai.

Yaya ya kalli shafin. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Har kin kai nan? Ki ɗora wa kanki laifi don ki wanke saurayi?"

"Idan ƙarya nake yi, a kunna bidiyon bara. Manaja, ai yana wajenka."

Makullin da ke juyawa a yatsan Manaja ya tsaya. "Ai... wannan ya daɗe da gogewa. Kuma ranki ya daɗe, tone-tone ba shi da amfani yanzu."

"Ka kalla kafin ya goge?" in ji Auta.

Manaja ya kau da kai. Yaya ya ɗago ya dube shi, kallo mai tsawo, sannan ya ture littafin ya faɗi ƙasa.

"Fita min daga gani."

Auta ta durƙusa ta ɗauki littafin mahaifinta, ta kakkaɓe shi.

"Ba inda za ni. A nan zan tsaya, ka gama ka same ni."

Ta koma jikin bango ta harɗe hannu.

* * *

Aka saki motoci. Zagaye ashirin ne.

Dogo ya fice gaba tun daga farko. Yaya na biyu. Kunkuru ya taso daga na bakwai yana cin su ɗaya bayan ɗaya, a Surukuwa kaɗai ya wuce mutum biyu.

Auta ba ta kallon kowa sai jar fitilar bayan motar Yaya. Duk zuwa gada, daidai bakin inuwa take kamawa. Zagaye na biyar haka, na takwas haka. Taurin kai dai gadonsu ne, ba ta da bakin zargi.

Hasken babban sikirin ya fara canjawa. Inuwar ta soma barin turken.

A zagaye na goma sha biyu, motar Yaya ta shiga inuwar, fitilar ba ta kama ba. Ta wuce, ta wuce, sai daidai jan turke ta yi ja.

Auta ta toshe baki da tafin hannu.

Daga nan ya fara cin tazarar da ke tsakaninsa da Dogo, wanda ke bin takardarsa da aminci, yana ƙara taka birki da wuri duk zagaye bai sani ba. Kunkuru kuma ya iso na uku. Saura zagaye biyu, motoci ukun suka fito miƙaƙƙiyar hanya kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Rana ta kai ƙasa. Inuwar gada ta miƙe har tsakiyar hanya.

Fitilar Dogo ta kama.

Zauren ya ɗauki ihu. Yaya ya fizge sitiyari dama, motarsa ta goge gefen ta Dogo da ƙyar, tayoyinsa biyu suka hau ciyawa. Ya riƙe ta, ya dawo da ita titi, amma gudun ya karye. Hanya ta buɗe a hagu.

Auta ta ga motar Kunkuru ta ɗan yi jim, kamar mai shawara.

"Wuce!" ta ƙwala, ba ta san ta yi ba. "Wuce, na ce!"

Ya wuce.

Haka aka gama, Kunkuru na ɗaya, Yaya na biyu. Motar gaske ta sake kuɓuce wa ɗan'uwanta, kuma wannan karon da bakinta ta ba da umarni.

* * *

Ana tafi, ana dukan kafaɗar Kunkuru, shi kuwa ko murmushi ya kasa. Yaya ya daɗe a kujera, hannayensa na kan sitiyari. Can ya cire abin kunne, ya ɓalle takardar da ya manna, ya dunƙule ta. Manaja ya matso da lallashi, ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba.

Ya taka har kujera ta goma. Mutane suka dare.

"Haka ka gan ni bara? Kamar yadda na ga Dogo?"

"Haka," in ji Kunkuru.

"Ni ina da ciyawa a dama. Kai fa?"

"Bango ne."

Yaya ya ƙura masa ido. Idanunsa sun yi ja.

"Shekara guda ina zagin ka, kana ce min in yi haƙuri. Kai wane irin mutum ne?" Bai jira amsa ba. "Gobe da yamma ka zo gida. Mama za ta gan ka. Ka sa riga mai kyau, ba wannan ta gyaran kwamfuta ba."

Ya juya. Auta na tsaye a hanyarsa, littafin a ƙirjinta, fuskarta sharkaf da hawaye.

"Yaya..."

Ya ratsa ta gefenta ya fice, ko inda take bai kalla ba. Tun da aka haife ta bai taɓa wuce ta haka ba. Ta samu abin da ta shekara tana nema, amma ji ta yi kamar an zare mata wani abu daga ƙirji.

"Abin da nake gudu ke nan," in ji Kunkuru a bayanta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na sani. Ko yanzu aka mayar da ni safiya, haka zan sake yi."

Ta fita waje. Rana ta gaske tana nan da sauranta. A bakin ƙofar zauren ta hango babur ɗin Yaya, injin na aiki, ƙafarsa ɗaya a ƙasa. Hanya a buɗe take gabansa, babu mota babu mutum. Bai waiwayo ba, amma bai tafi ba.

Auta ta juya ta dubi Kunkuru, wanda ya biyo ta har bakin ƙofa.

"Gobe da yamma aka ce. Ka ajiye rarrafen nan naka a shago."

Ta ƙarasa, ta hau bayan babur ɗin, ta gyara zama. Sannan Yaya ya yi magana, idonsa na kan titi.

"Ban yafe ba tukuna."

"Ban roƙa ba tukuna."

Ya ja dogon numfashi, ya sa giya.

"Riƙe littafin Baba da kyau, Auta. Kar iska ta ɗauke shi."